BABI NA UKU: IKON TUSHE DA SARRAFA ƘARFIN BATIR A KWAMFUTAR HANNU A YANKIN ZAGGA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan shigowar na'urorin sadarwa na zamani ƙasar Hausa da irin sunayen da Bahaushe ya laƙaba musu. A wannan babi kuma za a yi ƙoƙarin bayyana abubuwa biyu waɗanda suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a bakin masu gyaran waya, wato samun ikon tushe a kwamfutar hannu da kuma sarrafa ƙarfin batirinta. Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: shin mutumin da yake zaune a wuri irin Zagga, inda caji ba ya samuwa a kowane lokaci, ya dace ya buɗe tushen na'urarsa domin batirinta ya ƙara daɗewa, ko kuwa asarar da ke cikin yin haka ta fi ribar yawa? Domin a kai ga amsa, za a fara da yanayin yankin, sannan a kawo ma'anar ikon tushe da matakan samunsa, daga nan a dubi inda ƙarfin batir yake tafiya, a ƙarshe kuma a auna amfani da illa.

3.1 Yanayin Wuta da Sadarwa a Yankin

Zagga gari ne a cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta masarautar Gwandu, a jihar Kebbi wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Kogin Kwara ya ratsa wannan ƙaramar hukuma, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen garuruwan Lolo da Tsamiya. Sauran manyan garuruwanta sun haɗa da Ka'oje da Illo. Noma da kiwo da su da fatauci su ne manyan sana'o'in jama'ar yankin.

Abubuwa uku ne suka sa maganar batir ta zama muhimmiya a irin wannan wuri. Na farko shi ne ƙarancin wutar lantarki. Jihar Kebbi tana cikin jihohi huɗu da kamfanin rarraba wuta na Kaduna yake kula da su, sauran su ne Kaduna da Sakkwato da Zamfara. Ba kowane ƙauye ne turakun wuta suka isa ba, saboda haka mutane da yawa sun dogara ne ga shagunan caji masu aiki da janareto ko faifan sola. Janareto kuwa sai da mai. A watan Nuwamba na 2019, lokacin da iyakokin ƙasa suke rufe, hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur. Duk abin da ya taɓa farashin mai kuwa, ya taɓa kuɗin caji.

Abu na biyu shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, alhali kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade digiri 0 zuwa 35 a matsayin yanayin da ya dace a yi aiki da na'urorinsa. Abu na uku shi ne raunin sabis. Na'urar da take nesa da turken sadarwa takan ƙara ƙarfin muryarta domin turken ya ji ta, kamar yadda mai kira daga ƙetaren kogi yake ɗaga murya. A bakin iyaka kuma takan yi ta kai-kawo tsakanin layin Nijeriya da na Benin, kuma kowane lalube yana cin caji.

3.2 Kwamfutar Hannu da Babbar Manhajarta

Idan aka ce kwamfutar hannu a wannan nazari, ana nufin na'urar nan mai faɗi kamar allon karatu, wadda ake sarrafawa ta hanyar shafa gilashinta da yatsa. Wasu kan kira ta tabulet, wasu kuma su kira kowace iri da sunan iPad, duk da cewa wannan suna ne na ƙirar kamfanin Apple kaɗai wadda ta fito a 2010. A cikin wannan shekarar ne kamfanin Samsung ya fito da Galaxy Tab mai aiki da Android. Wannan babi ya taƙaita ne a kan masu aiki da Android, domin su ne suka fi yawa a hannun jama'a, sababbinsu da 'yan Kwatano.

Amfanin wannan na'ura ya wuce kallon fim da sauraren karatu. Ma'aikatan lafiya da malaman gona da masu ƙidaya suna tattara bayanai da ita a ƙauyuka. Haka kuma hukumar zaɓe ta ƙasa ta fara aiki da na'urar tantance masu zaɓe mai suna BVAS a 2021, ta kuma yi amfani da ita a rumfunan zaɓe na ƙasa baki ɗaya ranar 25 ga Fabrairu, 2023. A irin waɗannan ayyuka mutuwar batir tana nufin tsayawar aiki.

Babbar manhaja ita ce shugabar dukkan manhajojin da ke cikin na'ura. An kafa kamfanin Android a Amurka a 2003, kamfanin Google ya saye shi a 2005, wayar farko mai aiki da manhajar, wato HTC Dream, ta fito a 2008. An gina Android ne a kan ƙwayar manhajar Linux wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a birnin Helsinki a 1991. Ita kuma Linux ta gaji tsarinta daga Unix wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969. Wannan ƙwaya, wadda masana ke kira kanel, ita ce take tsakanin ƙarfen na'ura da manhajoji. Ita take raba aiki, ita take ƙayyade gudun ƙwaƙwalwar na'ura, ita kuma take sanya na'ura barci ko ta tashe ta.

3.3 Ma'anar Ikon Tushe

A tsarin Unix an shirya ma'ajiyar bayanai kamar bishiya, tana da tushe guda wanda dukkan rassa suka fito daga gare shi. Kowane mai amfani da kwamfuta yana da lamba da iyakar inda aka yarda ya shiga. Mutum ɗaya ne kawai ba shi da iyaka, shi ne mai lamba 0, wanda ake kira rut, ma'ana tushe ko saiwa. Daga nan ne masu gyaran waya suka samo kalmar rutin, kamar yadda suke cewa filashin idan za su sake zuba wa na'ura manhaja. A wannan nazari an zaɓi a kira wannan matsayi ikon tushe.

Za a iya kwatanta lamarin da gidan haya. A Android kowace manhaja tana da ɗakinta da makullinta, ba ta iya leƙa ɗakin wata sai da izini. Shi kansa mai na'urar ɗan haya ne, yana iya shirya kayan ɗakinsa yadda yake so, amma ba zai iya rushe katanga ko ya taɓa mitar wuta ba. Ikon tushe shi ne riƙe makullin mai gida, wanda yake buɗe kowane ɗaki. Kamfanoni suna riƙe wannan makulli ne saboda dalilai biyu: kare na'ura daga ɓarnar miyagun manhajoji da kuskuren mai ita, da kuma kare muradunsu na kasuwanci, kamar manhajojin da suka zuba waɗanda ba sa son a cire.

Hanyoyin samun wannan iko sun sauya da zamani. A shekarun farko akan yi amfani da wata kafa ta rauni a cikin manhajar, shi ya sa aka sami manhajoji irin su KingRoot da ke buɗe tushe da dannawa ɗaya. A 2012 manhajar SuperSU ta fito, ta zama mai gadin ƙofa da ke tambayar mai na'ura kafin a ba wata manhaja ikon. Daga baya Google ya toshe mafi yawan kafofin. A Android 5.0 ta 2014 an tilasta tsarin tsaro na SELinux gaba ɗaya, a Android 7.0 ta 2016 kuma an tsananta binciken da na'ura take yi wa kanta lokacin tashi. A wannan shekara ta 2016 ne John Wu ya fito da Magisk, wadda ba ta taɓa ainihin babbar manhaja, sai dai ta gyara ɓangaren da na'ura take tashi da shi. Wannan ita ce hanyar da ta fi shahara tun daga lokacin.

3.4 Matakan Samun Ikon Tushe

Matakan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a dunƙule ba su wuce shida ba.

(a) Kwashe kaya. Ana kwafe hotuna da lambobi da takardu zuwa wani wuri, domin mataki na uku yana share duk abin da ke cikin na'ura. Ana kuma cika batirin na'urar da na kwamfutar da za a yi aiki da ita.

(b) Buɗe saitin masu ƙirƙira. Tun daga Android 4.2 ta 2012 aka ɓoye wannan saiti. Yana fitowa ne idan aka danna lambar ginin manhaja sau 7 a jere. A cikinsa ake kunna izinin buɗe butloda da izinin magana da kwamfuta ta wayar USB.

(c) Buɗe butloda. Butloda ƙaramar manhaja ce da take fara tashi idan an kunna na'ura, aikinta shi ne ta duba hatimin kamfani a jikin babbar manhaja kafin ta bari ta tashi. Ana buɗe ta da umarni daga kwamfuta ta hanyar fastboot. Ba kowane kamfani yake yarda ba. Huawei, alal misali, ya daina ba da lambobin buɗewa a 2018.

(d) Samo fayil ɗin tashi. Dole ne ya kasance na ainihin samfurin na'urar kuma na ainihin lambar ginin da take ɗauke da shi. A nan ne aka fi yin kuskure, domin na'urori biyu kan zo da suna ɗaya da fuska ɗaya, amma cikinsu daban, musamman idan ɗaya an yi ta ne domin kasuwar wata ƙasa.

(e) Gyara fayil da zuba shi. Magisk takan gyara fayil ɗin, sannan a mayar da shi cikin na'ura. Masu gyara suna amfani da Odin ga na'urorin Samsung, da kuma SP Flash Tool ga masu ƙwaƙwalwar MediaTek, wadda ake samu a yawancin Tecno da Infinix.

(f) Tabbatarwa. Bayan na'ura ta tashi, duk manhajar da ta nemi ikon tushe sai mai gadin ya tambaya, a yarda ko a ƙi.

Abin lura a nan shi ne, mataki na biyar bai yarda da yankewa ba. Idan wuta ta ɗauke wa kwamfutar tebur, ko wayar USB ta saki ana tsakiyar zubawa, na'urar tana iya ƙin tashi. Wannan shi ne abin da ake cewa na'ura ta zama bulo. A wurin da janareto kan mutu ba sallama, wannan haɗari ba ƙarami ba ne.

3.5 Inda Ƙarfin Batir Yake Tafiya

Batirin da ke cikin waɗannan na'urori na sinadarin litiyam ne, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Lambar da ake rubutawa a jikin kwali, kamar 6,000 mAh, ba ita kaɗai ce ma'aunin ƙarfi ba, sai an ninka ta da bolt ɗin batirin. Idan bolt ɗin 3.8 ne, to batirin yana ɗauke da wat-awa 22.8. Ma'anar wannan ita ce zai iya ba da wat 1 na tsawon awa 22.8, ko wat 2 na tsawon awa 11.4.

Manyan masu shan wannan ƙarfi huɗu ne. Na farko shi ne gilashin fuska, wanda a kwamfutar hannu yakan fi kowa sha saboda faɗinsa, musamman a tsakar rana lokacin da sai an ƙure haske kafin a ga rubutu. Na biyu shi ne na'urorin sadarwa, wato layin waya da Wi-Fi da Bluetooth da mai gano wuri. Na uku shi ne ƙwaƙwalwar na'ura, wadda ake kira firosesa. Na huɗu kuma shi ne manhajojin da ke aiki a ɓoye bayan an kashe fuska. Android ta ba manhaja damar riƙe wani makulli da za a iya kira hana-barci, domin ta ƙarasa aikinta. Manhajar da ta riƙe shi ba ta saki ba, takan sa na'ura ta kwana ido biyu.

Domin a ga nauyin kowane ɗaya, bari a ɗauki misali da lambobin kwatance. A ce na'ura mai wat-awa 22.8 tana shan wat 3 lokacin aiki, za ta yi awa 7.6. Idan aka rage haske aka kashe sadarwar da ba a buƙata, shan ya sauka zuwa wat 2.3, za ta yi kusan awa 10. Idan kuwa gudun firosesa kawai aka rage, shan ya sauka zuwa wat 2.8, za ta yi awa 8.1, wato ƙarin rabin awa kacal. Haka kuma na'urar da ke zubar da wat 0.2 cikin dare na awa 10 za ta wayi gari da asarar kusan kashi 9 cikin 100. Darasin misalin shi ne, tsimin da ya fi tsoka yana wajen wanda ya fi sha.

3.6 Sarrafa Batir Ba Tare da Ikon Tushe Ba

A shekarun farko na Android mai na'ura ba shi da wata hanya ta hana manhaja aiki a ɓoye, shi ya sa rutin ya yi tashe. Amma sannu a hankali Google ya shigar da waɗannan dabaru cikin babbar manhaja. A 2014 aka kawo yanayin tsimin batir. A Android 6.0 ta 2015 aka kawo Doze, wato gyangyaɗi, wanda yake tara buƙatun manhajoji idan an ajiye na'ura, ya riƙa ba su dama lokaci-lokaci a tare. A Android 9 ta 2018 aka kawo tsarin da yake lura da manhajojin da mutum bai cika buɗewa ba, ya taƙaita musu ƙarfi.

Saboda haka mai na'ura a Zagga yana iya yin waɗannan ba tare da ya taɓa tushe ba: rage haske da gajarta lokacin da fuska take ɗauka kafin ta mutu, sanya yanayin jirgin sama idan an shiga gona ko kogi inda babu sabis, zaɓar layi da hannu a bakin iyaka domin na'ura ta daina lalube, wanda kuma yake kare shi daga cajin kuɗin ƙetare, sauke karatu ko taswira a lokacin da sabis yake da ƙarfi, taƙaita manhajoji masu aiki a ɓoye, da dakatar da manhajojin kamfani da ba a buƙata. Baƙin bango da aka kawo a Android 10 ta 2019 yana tsimi ne a fuska irin ta OLED kawai. A fuskar LCD, wadda ita ce a yawancin na'urori masu araha, fitilar baya tana kunne ko da wane launi aka sa.

Akwai kuma kula da lafiyar batirin kansa. Zafi da daɗewa a cike su ne manyan masu tsufar da batirin litiyam. Apple ya ce an ƙera batirin iPad ne domin ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 1,000, amma a yanayin da ya dace. Na'urar da aka bari a kan teburin caji ƙarƙashin rufin kwano, an jibga wasu a kanta, ba ta cikin wannan yanayi. Mai fawa-banki kuma ya san cewa mai 10,000 mAh a bolt 3.7 wat-awa 37 ce, kuma wani kaso yana salwanta ya zama zafi, don haka za ta cika na'urar misalinmu sau ɗaya ne da 'yar ɗoriya.

3.7 Abin da Ikon Tushe Yake Ƙarawa

Duk da haka akwai abubuwan da sai mai ikon tushe yake iya yi. Na farko shi ne sauya gwamnan firosesa. Gwamna a nan ƙa'ida ce a cikin kanel da take yanke hukuncin gudun da firosesa za ta yi a kowane lokaci. Akwai mai ƙure gudu kullum, akwai mai riƙe shi a ƙasa kullum, akwai kuma masu ɗagawa da saukewa gwargwadon aiki, kamar schedutil da ya shigo Linux a 2016. Mai ikon tushe yana iya sauya gwamna ko ya rage iyakar gudu. Dalilin tsimin shi ne ƙarfin da firosesa take sha yana tafiya da gudunta da kuma bolt da aka ninka da kansa, don haka ragin kashi 10 cikin 100 na bolt yana kawo ragin kusan kashi 19 na sha. Sai dai idan aka rage gudu da yawa, aikin minti ɗaya ya koma na minti biyu, fuska tana kunne tsawon lokacin, riba ta koma ciki.

Na biyu shi ne ganin kowane hana-barci da sunan manhajar da ta riƙe shi, da toshe shi. Na uku shi ne cire manhajojin kamfani gaba ɗaya. Na huɗu shi ne sanya wa caji iyaka, ya tsaya a kashi 80 ko 85, wanda yake da amfani ga na'urar da take wuni a jone da sola a shago ko asibiti, duk da cewa wasu kamfanoni irin su Samsung sun riga sun sanya wannan a saitinsu. Na biyar, wanda ya fi muhimmanci ga 'yan Kwatano, shi ne buɗe butloda yana ba da damar zuba wa tsohuwar na'ura sabuwar manhaja irin LineageOS bayan kamfaninta ya daina kula da ita.

Ya kamata a kawar da wani ruɗu da ya yaɗu, cewa share fayil ɗin ƙididdigar batir yana sabunta shi. Injiniyar Google Dianne Hackborn ta bayyana a 2012 cewa wannan fayil lissafin abin da manhajoji suka sha kawai yake ajiyewa, ba ruwansa da ƙarfin batir. Batirin da ya tsufa ko ya kumbura ba shi da magani sai canji.

3.8 Illoli da Haɗurra

Hausawa kan ce garin neman ƙiba a samo rama. Illa ta farko ita ce ta tsaro, domin makullin da ya buɗe wa mai gida kowane ɗaki zai buɗe wa ɓarawo idan ya faɗa hannunsa. Muguwar manhajar da aka ba ikon tushe tana iya karanta saƙonni da lambobin sirri. Na'urar da butlodarta take buɗe kuma ta fi sauƙin kutsawa idan an sace ta.

Ta biyu ita ce ta banki. Manhajojin banki da yawa suna bincika lafiyar na'ura ta hanyar Play Integrity, wadda ta maye gurbin SafetyNet, kuma sukan ƙi buɗewa idan sun ga an taɓa tushe. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna yadda ciniki ya dogara ga turawa ta waya. Ɗan kasuwar hatsi ko mai canjin sefa da ya rasa manhajar bankinsa ranar kasuwa ya yi asarar da ta fi ta rabin awar batir.

Ta uku ita ce zubar da garanti da tsayawar sabuntawa. A na'urorin Samsung akwai wani fis na tsarin Knox da yake ƙonewa idan aka zuba manhajar da ba ta kamfani ba, kuma ba ya gyaruwa. Ta huɗu ita ce ta zafi. Wasu kan cire ƙa'idar da take rage gudu idan na'ura ta yi zafi, wanda a bazarar wannan yanki yana iya kumbura batir ko ya jawo gobara.

Ta biyar ita ce ta shari'a da amana. Abin da aka bayyana a nan ya shafi na'urar da mutum ya mallaka ne. Na'urar hukuma ko ta makaranta ko ta asibiti amana ce a hannun ma'aikaci, kuma dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfuta ba da izini ba. Haka kuma mai gyara ya kamata ya yi hattara da wanda ya kawo na'ura a kulle bai san sirrinta ba, domin kullen da aka kawo a Android 5.1 ta 2015 an yi shi ne don hana cin moriyar kayan sata.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ikon tushe gado ne daga tsarin Unix, kuma samunsa a yau yana buƙatar buɗe butloda da gyara fayil ɗin tashi. An kuma ga cewa fuska da sadarwa da manhajojin ɓoye su ne suka fi cin batir, kuma tun daga 2014 zuwa 2019 an shigar da mafi yawan maganinsu cikin saitin da kowa yake iya taɓawa. Bisa wannan, matsayin wannan nazari shi ne, ga na'urar da ake banki ko aikin hukuma da ita, bai dace a buɗe tushenta ba. Buɗewar tana da hujja ne kawai ga tsohuwar na'ura mallakar mutum, wadda garantinta ya ƙare, kamfaninta ya daina sabunta ta, ba a ajiye sirri a cikinta, kuma a hannun mai gyara da yake da ainihin fayil ɗinta da wutar da ba za ta yanke ba. Ga sauran jama'ar Zagga da kewaye, rage haske da kashe lalube da raba na'ura da zafi sun fi araha kuma sun fi amfani. A babi na gaba za a dubi kalmomin da masu gyaran waya da masu shagunan caji suke amfani da su, da yadda suka shiga tsarin sautin Hausa.